Injin Bai San An Yi Rasuwa Ba

"To, idan na danna nan, wa zai gani?"

Bappa Bamanga ne ya yi tambayar, yatsansa na reto a saman madannan kwamfutar kamar mai gwada zafin dutsen guga. Jibrilla ya riga ya juya masa baya yana fuskantar bango, domin haka aka tsara: duk telan da ba shi da babbar waya zai zo wannan tebur ya jefa ƙuri'arsa, shi kuwa Jibrilla ya kau da kai. Lamba ɗaya Alhaji Jaji, lamba biyu Madam Jacinta, lamba uku Bappa Bamanga da kansa. Jibrilla ya amsa, fuskarsa na bango, cewa yawan ƙuri'u ne kawai yake fitowa a allo, ba a rubuta sunan mai jefawa.

Tsohon bai danna ba. Ya tambayi abin da zai faru idan aka ɗauke wuta, da abin da zai faru idan ɓarawo ya sunkuce kwamfutar ya shige kasuwa da ita. Jibrilla ya maimaita bayanin da bakinsa ya saba da shi a makon nan: zaɓen ba a cikin wannan kwamfuta yake zaune ba. Umarni ne ya rubuta ya ɗora a kan bulokcen, wato ɗimbin kwamfutoci a ƙasashe daban-daban, kowace na riƙe da kwafi iri ɗaya. Masu sana'ar suna kiran irin wannan umarni kwantiragi mai zartar da kansa. Teloli kuwa tun ranar farko suka raɗa masa suna injin.

"Kai fa da ka rubuta shi? Idan wancan Babarbaren kawun naka ya murɗe maka kunne?"

"Ko ni ba ni da ikon taɓa shi, Bappa. Da ƙarfe biyar zai rufe kansa, ya faɗi wanda ya ci."

Tsohon ya yi dariya, ya ce ɗinkin da ba a farkewa ke nan, su dai a sana'arsu sukan bar rara daga ciki ko mai riga zai yi ƙiba. Sannan ya danna, ya ɗauki sandarsa, ya ce a gaya wa Jaji ya fara koyon gaishe da shugaba tun yanzu.

Jibrilla ya juyo ya dubi allon. Ƙuri'a ɗaya tak aka jefa, saboda haka ya ga inda ta faɗa, kuma ba a gaban sunan tsohon ba ne. Amsar da ya bayar ashe ba ta cika ba. Ya yi sauri ya nemi guntun kwali ya rufe wannan gefe na allon, ya ƙudurta ba zai buɗe ba sai ƙuri'u sun taru. Ya sake duba caji, ya sake duba data, ya goge gumin tafin hannunsa a wando.

Ƙungiyar teloli ta wannan ɓangaren kasuwa ta daɗe ba ta yi zaɓe lafiya ba. Shugaba ne yake raba aikin ɗinkin yunifom idan makarantu suka kawo, saboda haka kujerar ba ta ado ba ce. Zaɓen da ya gabata da jifa da kujeru ya ƙare, kuma tun daga nan aka fara jin wata magana da kowa yake tsoro: a raba ƙungiyar biyu, masu zuwa masallaci daban, masu zuwa coci daban. Jibrilla ba tela ba ne. Yana da difloma a ilimin kwamfuta, yana buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa a wani ɗan shago a unguwar Shamaki, da yamma kuma yakan je koyon rubuta kwantiragi da harshen kwamfuta mai suna Soliditi. Kwantiragin zaɓe shi ne darasin da ake fara bai wa kowane sabon ɗalibi. Da ya ji kawunsa Alhaji Jaji na ƙorafin rikicin, sai ya yi ƙarfin hali ya ce yana da mafita.

A taron da aka gabatar da shi, Danny, mai ɗinkin kwat kuma na hannun daman Madam Jacinta, ya tambaya ko wanda ya rubuta injin zai iya dakatar da shi ko ya ƙara masa lokaci. Jibrilla ya faɗi gaskiya: a wanda ya gwada a dandalin gwaji ya bar wa kansa wannan makulli. Danny ya juya ga jama'a ya ce ɗan 'yar'uwar ɗan takara ne zai riƙe makulli, wato za a bai wa kura ajiyar nama. A gabansu Jibrilla ya goge layukan, ya ɗora kwantiragin ba makulli. Aka kira limamin kasuwa da wani fasto, kowane ɓangare ya ɗauki alkawari a gabansu cewa abin da injin ya faɗa shi ne, ba ƙara, ba ragi. Daren nan Jibrilla ya kwana yana jin kansa injiniya.

Kafin hantsi ya ɗaga, matasan shagunan Alhaji Jaji sun gama jefa nasu daga wayoyinsu, domin su ne masu manyan wayoyi kuma su ne masu zumuɗi. Mutanen Madam Jacinta yawancinsu mata ne masu ɗinki a gida a unguwar Nasarawo, sun ce sai sun sauke tukunya za su taho tare. Da Jibrilla ya ɗage kwalin, kawunsa ya yi nisa a gaba, Madam Jacinta na da 'yan kaɗan, gaban sunan Bappa Bamanga kuwa babu ko ɗaya. Hakan bai ba kowa mamaki ba. Tsohon yakan tsaya takara a kowane zaɓe, yana cewa don kada Babarbare ya yi barci da idanu biyu a rufe, kuma bai taɓa wuce na ƙarshe ba.

Sai kekunan ɗinki suka fara yin shiru, layi bayan layi. Jibrilla ya fara jin shirun kafin ya ji labarin. Bappa Bamanga ya koma shagonsa, ya zauna a kan kekensa yana sa zare, sai ya kifa kansa a kan yadin. An sa shi a keke napep zuwa asibiti, rai ya yi halinsa a hanya. Za a yi jana'iza bayan azahar a gidansa da ke unguwar Madaki.

Ana ta jan ƙofofin shaguna lokacin da Madam Jacinta ta shigo ofishin ƙungiyar, idanunta jajur, ɗankwalinta a karkace. A hannun Bappa Bamanga ta koyi yanka, tun tana budurwa sabuwar zuwa daga Kaltungo. Ba ta zauna ba.

"Ɗana, ka dakatar da abin nan. Na aika wa matan su wuce gidan rasuwa. Zaɓe sai bayan addu'a."

Jibrilla ya buɗe baki. Ya dubi hawayen da ke gangarowa gefen hancinta. A gidansu ba a koya masa yadda ake ce wa babba a'a a irin wannan lokaci ba.

"To, Mama," in ji shi.

Ta fita. Ya tsaya yana kallon agogon da shi da kansa ya sa a saman allon, yana cin lokacinsa a hankali kamar ba abin da ya faru.

A cikin keken da ya ɗauke shi zuwa Madaki ya kira Hillary, wanda ya koya masa Soliditi kafin ya sami aiki a Abuja. Kwamfutar na kan cinyarsa cikin jaka, wata mata da kwandon tumatir ta matse shi a gefe, zafin rana na dukan rufin leda. Ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa, ko akwai hanyar da za a canja kwantiragi bayan an ɗora shi.

Hillary ya yi dariya, ya ce wannan ai tambayar makon farko ce, kuma Jibrilla ne da kansa yake amsa wa sababbin ɗalibai ita a aji. Da ya ji ba wasa ake ba, ya shiga tambaya dalla-dalla. An sa umarnin dakatarwa? Babu. An bar wa wani ikon mai shi? An cire. An ɗora shi ta hanyar da za a iya musanya shi da wani daga baya? Jibrilla ya ce darasin da Hillary ya ce za su yi ke nan kafin ya tafi Abuja.

"To, malam, ka ɗora sabo kawai. Wannan ku bar shi ya yi ta maganarsa shi kaɗai. Kwantiragi ba ɗan sanda ba ne, ba zai kama kowa ba."

Jibrilla ya yi ƙoƙarin bayyana masa cewa an ɗauki alkawari gaban liman da fasto. Idan aka yi watsi da injin, mutanen kawunsa za su ce an soke zaɓe ne don nasu na gaba, kuma daga yau duk wanda ya ga zai faɗi zai nemi a soke. Idan aka bar shi, da ƙarfe biyar zai naɗa kawunsa da ƙuri'un safe, bayan shi Jibrilla ya ce wa Madam Jacinta to. Kowa zai ce ya yaudari mata ne ya hana su jefa ƙuri'a don ɗan'uwan mahaifiyarsa ya ci. Hillary ya ce wannan kuma ba matsalar Soliditi ba ce. Layin ya yanke a daidai gadar kwari, Jibrilla bai sake kira ba.

An yi wa Bappa Bamanga salla a ƙofar gidansa. Teloli Kirista suka tsaya gefe a inuwar darbejiya, hulunansu a hannu, da aka ɗauki makara suka bi sahu har maƙabarta. Jibrilla ya bi da jakar a bayansa. Ya so ya yi wa mamacin addu'a da zuciya ɗaya, amma sai ya kama kansa yana laluben waya a aljihu yayin da ake jera itace a kabari, kunya ta rufe shi. Da safen nan wannan mutum yake yi masa maganar barin rara a ɗinki.

A hanyar dawowa ya matsa kusa da kawunsa ya faɗa masa komai. Alhaji Jaji mutum ne mai jiki, ya sha ɗaukar makarar fiye da rabonsa, babbar rigarsa ta jiƙe. Ya saurara bai dube shi ba. Daga ƙarshe ya ce ba shi ya rubuta injin ba, ba shi ya ce a cire makulli ba, kuma alkawari alkawari ne. Bai faɗe shi da murna ba, amma bai ce a nemi wata hanya ba. Shekaru ya yi yana neman kujerar nan. A bayansu Jibrilla ya ji ɗaya daga cikin matasan shagon na raɗa wa wani cewa saura kaɗan a fara cewa ranka ya daɗe.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana ta shigowa ana Allah ya jiƙan rai. Jibrilla ya raɓe a jikin katanga yana neman yadda zai aika a kira masa Madam Jacinta daga cikin mata, yana kuma fatan kada a same ta. Danny ne ya riga shi. Ya zo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, kamar mai ta'aziyya, ya karkato masa fuskar wayarsa. Agogon na tafiya.

"Injiniya, an ce ka dakatar."

Jibrilla ya ce ba ya dakatuwa, kuma Danny ya fi kowa sanin dalili. Danny ya ce shi ya nemi a cire makulli, gaskiya ne, amma ba shi ya ce wa Madam to ba. Ya yi maganar a hankali saboda wurin da suke, sai dai jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce gobe-goben nan za su nemi nasu ofishi, kuma duk wanda ya tambaye shi dalili zai nuna masa shagon buga takardu na Shamaki.

"Mutum ya mutu, an binne shi, abinka na nan yana ƙirga. Wai injin naka ya ma san an yi rasuwa?"

"Bai sani ba," in ji Jibrilla. "Ba ya sanin komai na waje sai abin da aka shigar masa."

Ya faɗi haka ne kamar mai amsa tambayar jarrabawa, amma da maganar ta fita sai ya ji ta. Ya karɓi wayar daga hannun Danny ya duba. Suna uku ne har yanzu. Lamba uku na nan, tana karɓar ƙuri'a kamar sauran. Shi ne kuma ya buga wa ƙungiyar tsarin mulkinta a shagonsa, ya karanta shi sau biyu don gudun kuskure, ya san abin da ke shafi na ƙarshe: idan shugaba ya rasu, dattawa za su riƙe ƙungiya har a yi addu'ar arba'in, sannan a sake zaɓe. Waɗanda ba su jefa ƙuri'a ba sun fi waɗanda suka jefa yawa nesa ba kusa ba, kuma kusan dukkansu suna nan, a kan tabarmi ko a cikin gida.

Ya faɗa wa Danny. Danny ya ce ko dai ya haukace ko kuma ya fi kama da mai hankali fiye da yadda ya zata, amma ya fara shawo kan kawunsa tukuna.

Jibrilla ya durƙusa a gefen Alhaji Jaji, ya yi maganar a kunnensa. A zaɓi Bappa Bamanga, kowa da kowa. Injin zai faɗi sunansa, alkawari bai karye ba, ba a yi takara a kan kabari ba, bayan arba'in a sake sabon zaɓe. Kawun ya daɗe yana jan carbi. Ya tambaya me zai hana mutanen Jacinta su zo su danna lamba biyu, tunda ba mai ganin hannun wani, kuma sun fi yawa.

"Babu abin da zai hana su, Kawu. Idan suka yi haka ta ci, ni kuma ba abin da zan iya."

Alhaji Jaji ya dubi ƙofar zauren, inda sandar mamacin take jingine har yanzu, ba wanda ya tuna ya shigar da ita. Shekara da shekaru tsohon na kiransa bawansa a gaban abokan ciniki, shi kuma yana ramawa da cewa Bafillace bai san ɗinki ba sai ɗaurin saniya. Ya ja dogon numfashi.

"Wato Bafillacen nan sai da ya kwanta zai kayar da ni." Ya goge ido da bakin hannun riga. "Je ka gaya mata. In ta yarda, ni zan fara."

Fatimatu, babbar 'yar mamacin, ita ta kira Madam Jacinta zuwa zaure. Jibrilla ya faɗa mata cewa injin bai tsaya ba, kuma tun lokacin da ya ce mata to ya san ba zai tsaya ba. Ta tambaye shi me ya hana shi faɗa mata da safe. Ya ce ya ga tana kuka ne.

"Mai kuka ai yana ji, Jibrilla."

Ya sunkuyar da kai. Ya ci gaba da bayanin, yana tuntuɓe a kan kalmomi. Ta fahimta tun kafin ya gama, har da abin da bai faɗa ba: idan ta so, kalma ɗaya za ta raɗa wa matan ta ɗauki kujerar yau. Ta ce ba za ta nemi kujera a gidan da ta koyi riƙe almakashi ba, ranar da aka fitar da mai gidan. Sannan ta tambaya Jaji ya yarda da bakinsa, ko yaron ne yake yi masa fata. Da aka ce shi zai fara, sai ta gyara ɗankwalinta ta koma ciki.

Liman ya ce tunda ba jayayya ba ce, ba laifi, amma a yi shi nesa da tabarmin makoki. Maƙwabci ya ba da zaurensa da benci. Jibrilla ya buɗe kwamfutar, ya haɗa ta da wayarsa, ya ga cajin ya yi ƙasa da rabi. Alhaji Jaji ya shigo, ya ƙi bari yaron ya juya baya, ya danna uku a gaban Danny. Ya ce ya tabbata shi kansa mamacin bai zaɓi kansa ba, don bai taɓa yi ba.

Aka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya, kamar masu zuwa gaisuwa. Kowace ƙuri'a sai ta ɗan jima tana juyi a allo kafin ta zauna, wani lokaci sabis ya ɗauke sai Jibrilla ya ɗaga wayar sama wajen taga. Tsofaffi suka yi ta yi masa tambayoyin da ya amsa duk mako: shin an cire musu kuɗi, shin za a iya jefawa sau biyu, shin in an yi kuskure ana gyarawa. Ya amsa kowace, idonsa na kan agogo. Masu manyan wayoyi suka yi nasu daga inda suke zaune, hannu a ƙarƙashin riga.

Lambar Bappa Bamanga ta fara hawa. Can sai ƙuri'a ɗaya ta faɗa wa Alhaji Jaji. Danny ya dubi Jibrilla. Jim kaɗan wata ta faɗa wa Madam Jacinta, sannan wata. Ba wanda ya san ko kuskure ne ko gangan, kuma ba wanda zai taɓa sani. Wani matashi daga shagon Alhaji ya leƙo ya ga allon, ya fita da sauri, Jibrilla ya ji ƙus-ƙus ya tashi a waje, sannan ya ji muryar kawunsa, kalma biyu ko uku, ƙus-ƙus ɗin ya mutu. Bayan haka ƙuri'u suka koma gaban lamba uku, amma har yanzu tazarar safe ba ta rufe ba, kuma matan da ba su da manyan wayoyi ba su fito ba tukuna.

Aka kira sallar la'asar. Maza suka miƙe suna neman buta. Jibrilla ya dubi allon, ya dubi agogo, ya dubi layin matan da Madam Jacinta ta fara turowa ta ƙofar baya. Tun da ya sayi kwamfutar nan bai taɓa barin wani ya riƙe ta ba, ko ƙaninsa. Ya tura ta gaban Danny, ya nuna masa inda ake shigar da lambar shaidar kowace mace, ya ce idan ta tsaya juyi ya ɗaga wayar wajen taga.

"Kura aka ba ajiyar nama," in ji Danny, ba tare da murmushi ba, ya gyara zama.

A cikin sallar Jibrilla ya rasa ko raka'a ta nawa ake. Da aka sallame bai tsaya addu'a ba, ya dawo takalmi a hannu. Ya tarar da Danny a tsaye a kan benci, hannu ɗaya na riƙe da waya a bakin taga, fuskarsa na kallon bango, wata tsohuwa kuma na laluben madannai da yatsa. Lamba uku ta wuce gaba. Ba da yawa ba, amma ta wuce, kuma akwai sauran mata a layi.

Ba a yi shela ba da lokacin ya cika. Agogon ya kai ƙarshensa, madannan suka daina amsawa, suna ɗaya ya fito a tsakiyar allon da kalmar da Jibrilla ya rubuta makonni da suka wuce yana tunanin tafi da sowa: Shugaba. Danny ya sauko daga benci ya fita ya raɗa wa liman, liman ya raɗa wa na kusa da shi, maganar ta bi tabarmi a hankali. Wani dattijo ya yi dariya gajeriya, ya rufe fuska da rawani. Alhaji Jaji ya ɗaga hannu ya ce a yi wa shugaba fatiha.

Jibrilla na naɗe wayar caji lokacin da Fatimatu ta tsaya a ƙofar zauren, mayafinta ya rufe rabin fuskarta. Ta ce an gaya musu a ciki, mahaifiyarta ta ce ta zo ta gani da idonta ta koma ta faɗa mata. Ya juya mata allon. Ta karanta sunan, leɓɓanta na motsi. Ta ce kullum idan babansu ya dawo daga zaɓe sai ya ce musu saura ƙiris, alhali sun san ko ƙuri'ar kirki bai samu ba.

"Malam, idan kuka sake zaɓen bayan arba'in, za ku goge wannan?"

"A'a. Sabo za mu ɗora daban. Wannan yana nan."

"Har yaushe?"

"Ba mai iya goge shi," in ji Jibrilla. "Ko ni."

Ta gyaɗa kai, ta roƙe shi ya bari ta ɗauki hoton allon. Cajin ya koma ja. Ya riƙe mata kwamfutar da hannu biyu, ya karkata ta yadda hasken taga ba zai ɓata sunan ba, ya tsaya cak har ta gama.